Darasi na 9: Taimaka wa Iyalin da Yaronsu Ya Ɓata

Idan yaro ya ɓata, nan da nan gida yakan cika da jama'a, amma masu amfani a cikinsu kaɗan ne. Wannan ya ce a duba can, wancan ya ce a bari sai gobe, uwa kuwa tana zaune ko jin su ba ta yi. Wannan darasi na wanda yake son zuwansa ya rage wa iyalin nauyi ne.

Abu na farko, kada a jira. Za ka ji ana cewa sai yaro ya kwana bai dawo ba kafin a kai rahoto wurin 'yan sanda. Kada ka bi wannan magana, domin sa'o'in farko sun fi kowane lokaci tsada. Raka mahaifin, kuma kai ne za ka riƙe biro, saboda wanda hankalinsa ya tashi yakan manta har launin rigar da ɗansa ya fita da ita. Rubuta cikakken sunan yaron, shekarunsa, tufafinsa, tabo ko wata alama a jikinsa, inda aka gan shi na ƙarshe, da ƙarfe nawa, kuma da wa. A kai hotonsa na kwanan nan, ba na yaye ba. Kafin ku fito, karɓi sunan jami'in da lambar rahoton. In yaron yana hira da mutane a waya ko intanet, kada a goge ko saƙo ɗaya. Sau da yawa a nan ake gano wanda ya yaudare shi.

In ana zargin an tsallaka iyaka da shi, 'yan sanda na iya neman hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wato Interpol, ta fitar da Sanarwar Rawaya, wadda ake yi domin mutanen da suka ɓata. In kuwa yaƙi ko gudun hijira ne ya raba su, ƙungiyar Red Cross tana da sashen haɗa iyalai.

Sai maganar waya, wadda mutane ke yi wa sakaci. Da zarar an yaɗa hoto da lamba, 'yan damfara za su fara kira: "Yaronku yana hannunmu, ku turo kuɗi yanzu." Uwar da ta kwana ba ta runtsa ba za ta yarda da komai. Saboda haka a ba mutum ɗaya mai natsuwa wayar, da littafi a gefensa. Duk wanda ya kira, mai riƙe da wayar ya rubuta lambarsa, lokaci, da abin da ya faɗa. Ya ce a ba shi yaron ya ji muryarsa, ko ya yi tambayar da yaron kaɗai ya san amsarta. Sannan a sanar da jami'in kafin a tura ko sisi.

Ka kuma kula da bakinka. "Ina kike lokacin da ya fita?" tambaya ce da uwar ta riga ta yi wa kanta sau dubu. "Ki haƙura, za ki sami wani" ya fi zagi ciwo. Gara ka ce, "Yau ni zan kai ƙannensa makaranta." Su ma ƙannen suna cikin tsoro, kuma galibi ba mai waiwayarsu.

Makon farko kowa na zuwa. Bayan wata uku ƙafa takan ɗauke, alhali a lokacin ne iyalin suka fi bukatar mai leƙo su, ya kira sunan yaron, ya raka su bin sawun rahoto. Ranar 25 ga Mayu ce ake tunawa da yaran da suka ɓata a ƙasashe da dama; ta samo asali ne daga wani yaro ɗan shekara 6 da ya ɓata a birnin New York a 1979.

In an gano yaron, murna ba ta hana a yi hattara. Mai yiwuwa an ci zarafinsa. A kai shi asibiti nan take, kafin wanka ko wanke tufafinsa, domin kada shaida ta lalace. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar HIV bayan fyaɗe sai an fara sha cikin sa'o'i 72. Kada a zaunar da shi kowane baƙo ya ce ya ba da labari. A bar wa jami'ai da ma'aikatan lafiya wannan. In ya yi magana da kansa, a saurare shi, a gaskata shi, a ce masa, "Ba laifinka ba ne." A kuma sauke hotunansa da aka yaɗa.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a jira kafin a kai rahoto?
2. Me mai riƙe da waya zai rubuta?
3. Cikin sa'o'i nawa ake fara shan maganin kariya?

Aiki
Zaɓi yaro ɗaya a gidanku. Rubuta sunansa, shekarunsa da alamomin jikinsa a takarda, ka haɗa da hotonsa, ka rubuta kwanan wata a bayan hoton.