Yadda ake hasashen wadatar abincin duniya da labaran gobe

Yawancin sababbin masu nazari da nake gani a ofisoshin Abuja da kwamfuta suke farawa, su zuba mata alƙaluma su jira ta faɗa musu ko duniya za ta ƙoshi a 2050. A rufe ta tukuna.

Da farko a tsai da tambaya: wane abinci, wace shekara, su wa za su ci? Alƙaluman noma da ciniki suna nan a FAOSTAT, rumbun alƙaluma na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, na yawan jama'a kuma wajen Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 9.7 a 2050. Duk kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansu.

Sai tsara labaran gobe, wato siffanta hanyoyi daban-daban da al'amura za su iya bi nan gaba, kuma a nan ake faɗuwa. Mutum ya ɗauki lamba ɗaya, ya ɗaga ta, ya sauke ta, ya ce ga mai kyau, ga matsakaici, ga mummuna. Ai labari ɗaya ke nan aka sauya wa riga. Ni ƙa'idata, kowane labari a rubuta shi da biro, rabin shafi, kafin a taɓa lamba, kuma abubuwan cikinsa kada su ƙaryata juna. In ka ce fetur da iskar gas sun yi tsada, to taki ma ya yi, tunda da gas ake yin yuriya. Manomin dankali a Bokkos ta jihar Filato zai rage buhunan da yake zubawa, direban da ke kawo kaya kasuwar Wuse zai ƙara kuɗin mota. Ba dama ka bar amfanin gona yana ta hauhawa kamar ba a yi komai ba. In labarinka na rufe iyakoki ne, tuna Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba a 2023, yaƙin Yukiren na 2022 kuma ya tayar da farashin alkama. Wanda ya rasa mafari ya ari labarai biyar na SSP, wato hasashen yadda zamantakewa da tattalin arzikin duniya za su iya kasancewa, waɗanda masana sauyin yanayi ke aiki da su.

Bayan haka sai lissafi. IMPACT, tsarin lissafin hasashen abinci na cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI, sananne ne, amma Excel ya ishi mai koyo. A gwada lissafin da abin da ya wuce: a ba shi alƙaluman 2010, a ga ko zai kusanci na 2020.

Sakamakon kada ya tsaya a tan nawa aka girbe, a auna shi da farashin mudu da abin da ke shiga aljihun magidanci. In za a kai wa oga rahoto, a kai labaran duka, don in an bar shi na tsakiya kawai zai karanta.