Yadda ake canza takalmin birkin baya a mota mai birkin hannu na lantarki

Ana yawan tambaya. Idan kaurin takalmin ya ragu zuwa milimita 3, ga matakan:

1. Ajiye motar a wuri mai tauri ba gangara, ka tare tayoyin gaba da katako.
2. Saki birkin hannu, ka kashe Auto Hold (tsarin da ke riƙe birki da kansa idan mota ta tsaya).
3. Jona na'urar OBD (na'urar binciken kwamfutar mota), ka sa birkin a yanayin gyara. Za ka ji ƙarar ɗan injin lantarki na birkin hannu yana ja da baya.

Hattara: kada ka matse fistan (ƙarfen da ke tura takalmin) kafin wannan mataki. Haƙoran ɗan injin za su iya kakkaryewa, kuma yana da tsada. Batir mai rauni ma kan tsayar da aikin a tsakiya.

4. Ɗaga motar da jak, ka sa mata madogari, ka cire taya.
5. Kwance kusoshi biyu na kalifa (gidan da ke matse takalmin a jikin faifan birki), ka rataye ta da waya, kada nauyinta ya ja tiyon man birki.
6. Tura fistan a hankali, idonka na kan man birki kada ya malala.
7. Sa sabon takalmi. Giris a sandunan zamiya na kalifa kawai, ban da fuskar takalmin.
8. Mayar da komai, ka ɗaure.
9. Taka birki har ya yi tauri.
10. Fita daga yanayin gyara, ka ja birkin hannu ka saki sau 3.