Zanen ɗigo-ɗigo a Excel: inda ake yawan cijewa in bayanan sun haura biyu

In kolum biyu ne kawai ai babu wata matsala, ka zaɓe su ka danna Insert ka ɗauki Scatter, wato zanen ɗigo-ɗigo, shikenan. Rigimar tana farawa ne ranar da kake son ɗora abu uku ko huɗu a zane ɗaya, misali shekarun yara da tsayinsu da nauyinsu, sai kaga ɗigon sun watse ko sun jeru kamar matakalar bene ka rasa me ya faru. Yawanci ba zanen bane ya lalace, yadda aka jera lambobin ne tun farko.

Excel ba ya tambayarka wanne ne X (na layin kwance) wanne ne Y (na layin tsaye), cinta yake yi. Kolum ɗin da ke can hagu shi yake ɗauka ya shimfiɗa a layin kwance, duk sauran kuma kowanne ya zama jeri mai launinsa a layin tsaye. Toh in ka sa nauyi a kolum A shekaru a C, zai zana maka shekaru a kan nauyi ne, kuma ba zai ce maka komai ba. Ka dawo da abin da kake so ya zama X zuwa hagu kafin ka danna komai, ko kuma ka shiga Select Data, ka danna Edit a kan kowane jeri ka duba akwatunan Series X values da Series Y values da idonka.

Wanda yafi cutar mutane kuma, don shiru yake yi abinsa, shine lambar da ba lamba ba. An kwafo bayanai daga wani wuri, a ido 12 ne amma a wajen kwamfuta rubutu ne, ko wani ya rubuta "12kg" ko ya sa "babu" a gida ɗaya cikin kolum ɗin X. Excel yana ganin haka sai ya watsar da X ɗinka ya koma ƙirga 1, 2, 3, 4 har ƙarshen layukan, zanen kuma ya fito tsaf kamar lafiya lau. In kana da layi 40 kuma layin kwance ya tsaya wajen 40 alhali shekarun yaran basu wuce 15 ba, toh ga matsalar nan. Ka leƙa kolum ɗin, lamba ta gaskiya dama take jingina, rubutu kuma hagu, wani lokacin ma da ɗan koren alama a kusurwar gidan. Text to Columns ko fomular VALUE suna mayar da rubutun lamba, shi kuma kg ɗin a mayar da shi kan taken kolum.

Wasu kuma Line suke ɗauka a madadin Scatter saboda hotunan sun yi kama. Line tazara ɗaya yake ba kowane layin teburin, tsakanin 2 da 3 daidai yake da tsakanin 3 da 30 a wajensa.

Sai batun rukuni biyu, ace maza da mata kowa da nasa X ɗin. Kar ka zaɓi kolum huɗun gaba ɗaya, zai ɗauki X na biyu a matsayin Y ne. A Excel ka zana na farko, sannan Select Data, Add, ka nuna masa X da Y na biyun da hannu. Google Sheets X ɗaya yake rabawa duka jerin, don haka can sai ka tara duk X ɗin a kolum ɗaya, Y na maza a B, na mata a C, inda babu komai ka barshi fanko. Gaskiya ni wannan tsarin na biyu nafi so ko a Excel ɗin ma, yafi sauƙin dubawa in wani ya gaji fayil ɗin.

Fankon nan ma akwai tarko. In fomula ce ta mayar da "" gidan ba fanko bane, Excel zai iya sauke ɗigon a kan sifili sai kaga sun yi layi a ƙasan zanen. Sa NA() a madadinsa, zai tsallake.

Tsayi a mita 1.2 zuwa 1.7, nauyi kilo 20 zuwa 60, in suka haɗa layin tsaye ɗaya tsayin zai kwanta ƙasa kamar ba ya motsi. Ka zaɓi ɗigon tsayin, ka shiga Format Data Series, ka ɗauki Secondary Axis, zai samu nasa ma'aunin a dama. Amma dan Allah a rubuta sunan kowane layi da ma'auninsa, kuma kar a ce ai ga inda ɗigon suka haɗu akwai wata ma'ana, kai ka zaɓi ma'aunan biyu, ka canza ɗaya haɗuwar ta tashi. In abubuwan sun kai biyar shida da ma'auni daban-daban, raba su ƙananan zane masu X iri ɗaya yafi.

In kuma ka ɗauki Scatter mai haɗa ɗigo da layi ya fito a cukurkuɗe, bin layukan teburin yake yadda suke a jere, ka yi Sort da kolum ɗin X daga ƙarami zuwa babba, kuma ka zaɓi duka teburin lokacin da za ka yi, ba kolum ɗaya ba.