Darasi na Shida: Cin Ƙasa da Illarsa ga Jiki

A kasuwanninmu ana sayar da farar ƙasa a ƙulle cikin leda, kuma da yawa daga cikin masu sayenta mata ne masu juna biyu. Wata kuwa ba ta ko zuwa kasuwa, sai dai ta ɓantari katangar ɗaki ko ta tauna gawayi, ta ƙulle saura a bakin zane don kada maigida ya gani. Mutane kan ce kwaɗayin ciki ne, zai wuce bayan haihuwa. Likitoci kuwa sun sanya wannan ɗabi'a cikin cututtukan da suka shafi cin abinci, muddin mutum ya shafe wata guda ko fiye yana cin abin da ba abinci ba.

Sau da yawa ƙarancin jini ne yake tayar da wannan sha'awa, kuma abin takaici shi ne ƙasar tana ƙara tsananta shi, domin laka tana riƙe sinadarin ƙarfe a cikin hanji, ta hana jiki zuƙar abin da yake buƙata don haɗa jini. Mai cikin sai ta yi fari fat, jiri ya riƙa ɗibarta, ta yi haki ko da tulu ɗaya ta ɗauko. Idan ta zubar da jini wajen haihuwa a wannan hali, ranta yana cikin haɗari.

Ƙasa kuma tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, tana busar da bayan gida, wani lokaci har ta toshe hanji. Mafi muni ita ce gubar dalma, wadda ba a gani kuma ba a jin ɗanɗanonta. A shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai suna kaiwa baki. Dalma tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Faɗa da gori ba sa raba mace da wannan ɗabi'a, sai dai su sa ta ƙara ɓoyewa. A raka ta awon ciki, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, a auna jininta. Ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, tana cin hanta da wake da zogale, kuma ta jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin shi ma yana rage ƙarfen da jiki ke zuƙa.