Yadda za ka bi diddigin ɗan sarautar Birtaniya da ya yi malanta, ya yi soja, ya yi aikin gwamnati

Suna ne zai fara rikita ka, don mutanen nan suna canza suna kamar riga. Dubi Alec Douglas-Home, da farko Lord Dunglass ake ce masa, a 1951 ya gaji mahaifinsa ya zama Earl of Home na 14, a 1963 da ya zama firaminista ya ajiye sarautar don ya zauna a majalisar wakilai, a 1974 kuma ya koma Lord Home of the Hirsel. Mutum ɗaya fa! Don haka kafin komai ka rubuta sunan gidansu da duk laƙabin da ya taɓa riƙewa, in ba haka ba sai ka ɗauka mutum uku kake nema.

Asalinsa kuwa, Burke's Peerage da Debrett's, littattafan asalin gidajen sarautar Birtaniya, za ka duba, nan ake jera wa ya haifi wa. Ka lura ko babban ɗa ne, yawanci shi ke gadar sarauta da gona da gida, ƙannen kuma kowa sai ya nemi na kansa, shi ya sa za ka ga da yawansu a bariki ko a aji riƙe da alli.

Maganar soja babu kamar London Gazette, jaridar gwamnati ce tun 1665, kyauta take a intanet. Ranar da aka ba shi hafsa, ƙarin girma, lambar yabo, duk suna ciki, har naɗin Lord Lieutenant wato wakilin sarki a gunduma. Amma binciken cikinta sai haƙuri wallahi, sau da yawa harafin farko na sunansa kawai suke sawa, gwada da sunan rundunarsa. Fayil ɗin hafsoshin Yaƙin Duniya na Farko yana National Archives, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, sai dai bam ya ƙone takardun soja masu yawa a Landan a 1940, kar ka yi mamaki in ka tarar da giɓi.

Malantar ce ta fi wuyar samu. Rubuta wa makarantar kai tsaye, tsofaffi irin su Eton da Harrow suna da ma'ajiyar tarihi da mujallarsu.

In ya zauna a majalisar dattawa, Hansard, kundin muhawarar majalisa, ya adana jawabansa. Ni na fi yarda da wannan a kan ta'aziyyar jarida, wadda galibi abokai ke rubutawa, su kuwa ba sa faɗin aibu.