Yadda nake karantar da tarihin boren ƙasashen gurguzu ba tare da hadda ba

Na daɗe ina koyar da tarihi ga ƴan ajin ƙarshe a nan Maradi, kuma duk lokacin da jarrabawar bak ta matso sai in iske yara sun cakuɗa 1956 da 1968. Ga dabarar da na koma yi, ko za ta amfani wani malami.

Kar ka fara da shekaru. Fara da taswira a allo: Masko, babban birnin Tarayyar Sobiyet, a gabas, sai Polan, Hangari da Cekoslobakiya a jere. Ka ce musu su ɗauki Masko a matsayin sarki, sauran hakimai ne. Hakimi na iya gyara kasuwar garinsa, amma ranar da ya ce ya fita daga ƙarƙashin sarauta, dogarai na tafe.

Sannan ka ba su tambaya ɗaya su riƙe: wace iyaka aka ƙetare kafin tankoki su shigo?

A Hangari nake daɗewa. A Fabrairun 1956 shugaban Sobiyet Kurushof ya tona asirin ta'asar tsohon shugaba Stalin a taron jam'iyya, mutane suka ɗauka ƙofa ta buɗe. Ran 23 ga Oktoba ɗalibai suka fito zanga-zanga a Budafes, babban birnin Hangari, Imre Naj ya zama firaminista. A nan nake tsayawa in jaddada cewa Naj ɗan gurguzu ne na gaske, abin da yara ke yawan mantawa. Ran 1 ga Nuwamba ya ce ƙasarsa ta fita daga ƙawancen soja na Warso, ran 4 sojojin Sobiyet suka afka wa birnin. Kusan mutum 200,000 suka yi gudun hijira, Naj kuwa aka rataye shi a 1958.

Daga nan ka tambaye su: to idan wani bai taɓa ƙawancen ba fa? Sai ka kawo Dubcek, shugaban jam'iyyar gurguzu ta Cekoslobakiya. A 1968 ya sakar wa jaridu mara a Cekoslobakiya, yana ta rantsuwa cewa yana tare da Masko. Bai tsira ba, domin a daren 20 ga Agusta tankoki suka shigo. Ashe barin mutane su soki jam'iyya ma iyaka ce. Ba a kashe shi ba, an tura shi aiki a hukumar gandun daji, kuma wannan yakan ba yara dariya.

Polan ba na ɓata lokaci: ƙungiyar ƙwadago ta Lek Walesa a 1980, dokar soja ran 13 ga Disamban 1981, kuma a wannan karo sojan gida ne suka yi aikin.

Rana ɗaya kaɗai nake tilasta musu haddacewa, 4 ga Yunin 1989. A ranar ƴan Polan suka yi zaɓen da ya kunyata jam'iyyar gurguzu, a ranar kuma sojojin Sin suka murƙushe masu zaman dirshan na dandalin Tiyananmen. Sai in raba ajin gida biyu su yi gardama kan abin da ya bambanta Polan da Sin, har wani ya gano da kansa cewa Gorbacof, shugaban Sobiyet na lokacin, ya ƙi aika tankoki Polan.

Idan gardamar ta yi sanyi, ka ambaci 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai. Nijar ba ƙasar gurguzu ba ce, ka faɗa musu haka ƙarara, amma ka aike su gida su tambayi iyayensu abin da suka ji a lokacin, su kawo maka a rubuce ran Litinin.