Yadda ake warware matsalar izinin fayil a sabar Git ta ƙaramin ofis

A ofishin da ma'aikata ke tura aikinsu zuwa ma'ajiyar Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli) guda a kan sabar Linux, yakan faru wani ya tura nasa lafiya, na biye da shi kuma a ƙi karɓa, a nuna masa saƙon "insufficient permission for adding an object to repository database". Galibi dalilin shi ne wanda ya riga turawa ya ƙirƙiri sababbin folda a cikin objects, wato foldar da Git ke adana abin da aka tura, kuma shi kaɗai ke da izinin rubutu a cikinsu.

Da farko a karanta saƙon da kyau. Idan ya ambaci publickey, to tun wajen shiga ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta, aka tsaya, kuma abin dubawa shi ne izinin foldar .ssh ya zama 700, na fayil ɗin authorized_keys da ke cikinta kuma 600, wato mai su kaɗai ke da izini a kansu.

Idan shiga ba ta da matsala, sai a shiga ma'ajiyar a kan sabar a ba da umarnin ls -l objects, wanda zai nuna mai kowace folda da rukuninta. Shi kuma wanda aka hana ya rubuta id domin a ga rukunonin da yake ciki. In babu shi a rukunin aikin, a saka shi da usermod -aG, amma sai ya fita ya sake shiga kafin canjin ya fara aiki.

Daga nan sai gyaran kansa. A mayar da ma'ajiyar duka hannun rukuni ɗaya da chgrp -R, sannan a ba rukunin izinin karatu da rubutu da chmod -R g+rwX. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, shi ya sa matsalar ke dawo musu, domin fayilolin da aka riga aka ƙirƙira kawai aka gyara. Saboda na gaba, dole a sa chmod g+s a kan kowace folda, yadda duk abin da aka ƙirƙira a ciki zai gaji rukunin foldar maimakon na wanda ya ƙirƙire shi. A kuma rubuta git config core.sharedRepository group, domin umask (saitin da ke rage izinin sababbin fayiloli) da aka saba da shi, wato 022, yana cire wa rukuni izinin rubutu, wannan saitin kuwa yana sa Git ya mayar da shi. Sabuwar ma'ajiya tun farko a kafa ta da git init --bare --shared=group.

Ban ga uzurin yin chmod 777 ba, ko da aiki ya matsa. Saƙon zai ɓace, amma duk mai asusu a sabar zai iya goge tarihin aikin ofis. Haka nan kada a gudanar da Git da sudo (umarnin yin aiki da ikon mai kula da sabar) a cikin ma'ajiyar, domin zai bar fayiloli mallakar root, wato asusun mai kula da sabar.

A ƙarshe a sa mutum biyu su tura ƙaramin canji ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake duba objects a tabbatar sababbin foldojin sun ɗauki rukunin da ya dace.